Jakin Baba

Ikko, 9 ga Yuli, 1973

Zuwa ga Yaya Maiwada,

Gaisuwa mai yawa gare ka da mutanen Toranke. Yaya Inna take, yaya ƙarin haƙurin rashin Baba? Ni lafiya lau nake, abinci ne kawai bai cika shiga ba.

Jaridar da ka ƙunso mini ƙuli-ƙuli a ciki, ashe akwai rubutun malamin nan da nake karanta wa Baba a zaure, mai ba da labarin mutane da dabbobinsu. Ka tuna Baba kan ce, "Wannan mutumin ya yi kiwo." Wannan karon kan jaki ya yi magana. Ya ce jaki ba ya manta ƙofar da maigidansa ya saba tsayawa gaisuwa. Maiƙo ya ɓata ƙarshen, amma sau uku na karanta.

Ka ce za ku sayar da jakin Baba don yana turjewa a ƙofar Malam Kashim, aminin Baba, duk ranar kasuwar Gaya. Don Allah ku bar shi. Ba taurin kai ba ne, Yaya. Mu an gaya mana Baba ya rasu, shi kuwa ba wanda ya gaya masa.

Allah ya jiƙan Baba.

Ƙaninka,
Tukur