Shirun Inna Yelwa Guda Bakwai

Kano, 3 ga Zulƙida

Ƙanwata Khaulat,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Wudil, ya ƙarin haƙurinmu? Na gama gyaran muryar kakarmu Inna Yelwa da kika ɗauka a waya kafin rasuwarta. Na wanke ta tas, na cire kukan kaji da ƙarar babura. Matsala ɗaya ce: sau bakwai tana cikin ba da tarihin gidanmu sai ta yi shiru. Na'urar da ke kai sauti lasifika kuwa, da ta ji tsit sai ta kashe kanta, in magana ta dawo ta farka da "ƙas", kamar an karya tsinke. Ba zan kunna wannan a taron zumuncin Sallah a yi mini dariya ba. Zan yanke wuraren shirun in haɗe maganar. Ga muryar nan na zuba a filashi, yana hannun Lukman direba, ki saurara.

Yayanki,
Jamil

Wudil, 5 ga Zulƙida

Yaya Jamil,

Wa'alaikumus salam. Ya aiki, ya iyali? Na saurara, kuma wallahi raina ya ɓaci. Kada ka kuskura ka yanke ko sakan ɗaya. Zaman birni ya sa ka manta ne? Babanmu Halliru ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi har Allah ya karɓe shi, bakinta bai taɓa kiran sunansa ba saboda kunya. Duk inda labari ya zo kansa sai ta dakata, mu da ke zaune mu gane. Wurare bakwai ɗin nan Baba ne. In ka yanke su, ka cire shi daga tarihin gidan ubansa ke nan.

Ka huta lafiya,
Khaulat

Kano, 9 ga Zulƙida

Khaulat,

Bayan gaisuwa, na ji bayaninki. Amma ke ba ki san aikin nan ba. Baffa Maikano mai shirya taron da baƙinsa ba za su ji Baba ba, "ƙas" kawai za su ji, su ce ban iya sana'ata ba. Ki bar ni in yi abin da na sani.

Jamil

Wudil, 10 ga Zulƙida

Yaya,

Ina gaishe ka, amma ban yarda ba. Na'urarka ce ba ta iya zama da shiru ba, ba Inna ba. A ɗakinta ba a taɓa yin tsit irin wannan ba, kai ka ƙirƙiro shi da wanke-wankenka. Ka mayar mana da kajinmu da baburanmu, na'urar ta sami abin ji ta daina sumewa. In ka ƙi, asalin yana wayata. Zan miƙe gaban Baffa da kowa in kunna shi, ko da za a ce ba ni da kunya.

Ƙanwarka dai,
Khaulat

Kano, 12 ga Zulƙida

Khaulat,

Salamun alaiki. Na mayar da komai, "ƙas" ya tafi. A shiru na bakwai, bayan ta ambaci shekarar da Baba ya rasu, ashe kuka take yi a hankali. Da hannuna na goge shi, na ɗauka hayaniya ce.

Ban yanke komai ba. Ki yafe ni.

Yayanki,
Jamil