Na Ce Ba Na Gida Ranar Da Aka Yi Feshin

Anti Rosina,

Ki taimake ni don girman Allah, na rasa wanda zan kai wa wannan magana. Fasto ba zai yiwu ba, matarsa ƙawata ce kuma bakinta ba shi da linzami. Na canza sunaye, ko da yake a kwarin nan namu na Elgin ko ka canza wa mutum suna, da an ji launin taraktarsa an gane shi.

Shekaruna sun haura sittin. Mijina, bari in kira shi Stoffel, ya rasu ya bar mana 'yar gonar inabi a gangaren dutse, inda hazo ke kwana har hantsi. Duk wanda ya san Stoffel ya san layukan inabinsa: ƙasa fes, ja wur, ko tsinke babu. Yakan ce manomin da ya bar ciyawa a gindin inabi, ka duba wuyan rigarsa ma za ka ga dauɗa. Kin san al'adarmu ta ranar Lahadi. In an tashi daga coci ba a zarcewa gida, kowa ya ɗebi iyalinsa a mota a bi hanyar gonaki a hankali kamar masu rakiyar gawa, ana leƙen gonar maƙwabci. Ba mai ce maka uffan, amma kafin Litinin kowa ya san wanda ya yi sakaci. Rabin rayuwata ina zaune a gefen Stoffel muna wannan leƙe, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma na yi wa mutane dariya.

'Yata ɗaya, Elna, ta bar aikinta ta dawo ta karɓi gonar. Abin da ta fara yi shi ne ta kulle ɗakin maganin feshi. Ta ce ƙasar babanta ta gaji, ruwan saman da muke samu da hunturu yana wanke ta yana zubarwa a titi. Gaskiyarta ce, na sha ganin jan ruwa yana gangarowa har ƙofar gida. Sai ta shuka ciyawa da gangan a tsakanin layuka, Anti, da gangan! Wani wake mai shuɗin fure, da hatsin dabbobi, da wani abu mai doguwar saiwa wai yana fasa ƙasa. Lokacin sanyi, da inabi ya zubar da ganye, ta saki tumaki a ciki su ci su yi taki. Ta sayo agwagi wai su ne ma'aikatanta masu cinye dodon koɗi. Wata rana ta shigo mini har kicin da shebur cike da baƙar ƙasa, tsutsa na motsi a ciki, tana ihu, “Mama, duba! Tana! Tana ta dawo!” Na ce mata, “Ke da tanarki ku fice mini, yanzu na goge wurin nan.” Ta fita tana dariya.

Ban ce aikinta bai yi ba. Ruwan da ke gangarowa yanzu garau yake. Akwai wani mai haɗa giyar inabi da ya yi alkawarin sayen 'ya'yan gonar duka, da sharaɗin ba a taɓa ƙasar da magani ba, kuma bana ne shekarun jiran takardar shaidar noma ba magani za su cika. Amma daga bakin hanya, Anti, gonar Stoffel ta zama jeji. Motoci suka fara rage gudu fiye da kima. Wata a ƙungiyar mata ta ce mini, “Maman Elna, yaushe za a buɗe gidan namun dajin ne? Jikokina na son ganin zaki.” Aka kwashe da dariya, har da ni, amma na dawo gida ko abinci ban iya ci ba. Na koma zama a kujerar baya a coci, da an ce amin na sulale. In na yi wa Elna ƙorafi sai ta ce, “Mama, rabu da su, mutanen da suka kashe ƙasarsu ne za su koya mini noma?” Ta manta babanta na cikinsu.

To ga inda na ɓata. Akwai Barend, aminin Stoffel, dattijo ne a coci, da shi aka ɗauki makarar mijina. Kin san yadda muke: in manomi ya kwanta ciwo ko ya mutu, maƙwabta ba sa jiran a roƙe su, sai dai a wayi gari a ga taraktoci sun shigo aikin gayya. Haka suka yi mana girbi shekarar rasuwar, ko ruwa ba su yarda sun sha ba sai da suka gama. Wata Lahadi Barend ya tsare ni a harabar coci, hularsa a hannu, ya ce, “Maman Elna, jiya na bi ta gonar Stoffel, sai da na kawar da kai. Yarinyar nan aiki ya fi ƙarfinta, girman kai ne ya hana ta faɗa.” Abin da ya kamata in ce na san shi. Amma sai na ji bakina ya ce, “Ranar Asabar za ta Stellenbosch, sai Lahadi da yamma za ta dawo.” Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya mayar da hularsa ya tafi.

Asabar da safe suka zo, shi da wasu maƙwabta biyu, ɗaya da garma, ɗaya da tankin feshi. Na dafa musu kofi, na sauko da kofunan baƙi daga saman kabad, na soya musu koeksister, alkakin nan namu. Barend ya tambaye ni ta ina za su fara. Na ce, “Na bakin hanya kawai, Barend, sauran ku bar mata.” Ina tsaye a baranda suka kife furannin nan cikin ƙasa, warin maganin ya shigo har ɗaki, warin da na sani tun ina amarya. Washegari na zauna a kujerar gaba a coci. Da motoci suka biyo ta gabanmu ana ɗago mini hannu, Allah ya sani, daɗi na ji. Wannan daɗin ne ya fi komai ba ni kunya yanzu.

Da Elna ta dawo ko gida ba ta shigo ba. Ta tsayar da mota a bakin hanya, ta durƙusa ta damƙi ƙasar ta shinshina. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar jana'iza. Ta ce, “Mama, wa ya yi?” Na ce ban sani ba, na je Grabouw karɓo maganin hawan jini, na dawo na tarar. Ta bi sawun taya har gidan Barend. Shi kuma bawan Allah ya ce mata, “Ni na yi, 'yata, ni na yanke shawara, uwarki ba ta san komai ba.” An ce ta zazzaga masa maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba, a gaban matarsa da ma'aikatansa, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana saurara.

Mai sayen inabin ya ce ba zai karɓi na layukan nan ba, kuma shekarun jiransu sai an sake daga farko. Elna ta ce a taron ƙungiyar manoma na ƙarshen wata za ta miƙe ta tona wa Barend asiri a gaban kowa, har tana maganar lauya. Shi har yanzu yana cire mini hula in mun haɗu. Matarsa ta daina gaishe ni, kuma ban ga laifinta ba.

Shekaranjiya muna cin abinci Elna ta ce, “Abin da ban gane ba, Mama, me ya sa na bakin hanya kawai suka yi?” Na ce ina zan sani. Ta dubi kabad ta ce, “Kin yi baƙi ne? Kofunan nan sun canza wuri.” Na ce ƙura na goge musu. Ta ci gaba da cin abincinta.

Anti, an sha yi wa yarinyar nan tayin aiki a New Zealand, ta ce saboda ni ta zauna. In na faɗa mata gaskiya ina tsoron ta haɗa kayanta, in rasa miji in rasa 'ya. In na yi shiru, za a wulaƙanta dattijon da ya rufa mini asiri. Yaya zan yi?

Uwar da ta rasa inda za ta sa fuskarta,
Elgin

*

'Yar'uwata,

Ki share hawaye ki zauna, maganar ba ta kai inda kike tsoro ba, amma ba ta jiran ƙarshen wata.

Bari in fara da abin da ba ki tambaye ni ba. Yarinyar da ke damƙar ƙasa ta shinshina ta san abin da aka zuba mata, ita kike zaton ba ta iya karanta kabad ɗin uwarta ba? Ta san wanda bakin hanya ya dama a gidan nan. Tambayoyin nan biyu ƙofa ta buɗe miki, kika rufe, kuma a ganina barazanar taron ma da ke take, ko za ki tausaya wa Barend ki yi magana. Ina iya yin kuskure, amma na daɗe ina karanta wasiƙun uwaye da 'ya'ya.

Laifi kuwa ba naki ba ne ke kaɗai. Barend mutumin kirki ne, amma gayya ana yi wa wanda ya kasa ne, ba wanda ya zaɓi wata hanya ba. Ya san mai riƙe da gonar, ya tsallake ta ya zo wurinki, kuma ina shakkar zai yi haka da a ce ɗa namiji Stoffel ya bari. Elna ma tana da nata. Tsoron maƙwabta ba duka jahilci ba ne. A wuri mai sanyi da laima irin namu, doguwar ciyawa kan riƙe raɓa, ta ɓoye dodon koɗi, ta jawo wa sabon toho sanyin asuba in ba a rage ta a kan lokaci ba. Ta san maganin wannan, shi ya sa take da tumaki da agwagi, amma ba ta taɓa kiran kowa ta nuna masa ba. Kuma duk ranar da ta ce sun kashe ƙasarsu, kabarin mijinki take takawa ba ta sani ba. Wannan ki faɗa mata, amma ba ranar da za ki nemi gafara ba. Kada ki haɗa biyun, sai ta ɗauka kare kanki kike.

Naki shi ne ƙaryar. Feshin kuskure ne na mai kewar miji da mutuncin gidanta, ƙasa kuma tana yafiya in an ba ta lokaci. Amma barin wani ya ɗauki kayanki a kansa, wannan kullum ƙara nauyi yake.

Ga abin yi. Ki faɗa wa Elna yau ko gobe, da rana, ku biyu kawai. Ki faɗi duka: ranar tafiyarta da kika gaya wa Barend, da kofin, da “na bakin hanya kawai”, har da daɗin da kika ji. Kada ki rage wannan na ƙarshen, shi ne zai sa ta yarda da sauran. Za ta yi fushi, ki bar ta ta yi, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ba zan yi miki alkawarin ba za ta tafi ba. Abin da na sani, in ta ji daga bakin matar Barend a tsakiyar taro, tafiyar ta fi kusa. Daga nan ki je gidan Barend da ƙafarki, ki fara da matarsa. Ba wa dattijon haƙuri kan zagin da ya sha kuwa, wannan na Elna ne, ki bari ta kai kanta.

Layukan da aka fesa, a sa musu alama, a gaya wa mai saye da masu ba da shaida gaskiya ƙeƙe-da-ƙeƙe, don sauran gonar ta tsira. Ƙasar tana tsirara yanzu, ga sauran ruwan hunturu a gaba, tana bukatar a lulluɓe ta da taki da busasshiyar ciyawa. Ki tambayi Elna yadda ake yi, ki sa takalmin gona ki yi da hannunki. In Barend na son gayya, ga gayya nan, amma a ƙarƙashin umarninta.

Sai abu na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya. Lahadi mai zuwa, in an tashi daga coci, ki ɗauki kujera ki zauna a bakin hanyar nan, inda ciyawar ta fi tsawo. Duk motar da ta rage gudu ki ɗaga mata hannu. Mai son ganin zaki ki ce ta kawo jikokin, akwai agwagi. Elna ba ta bukatar ki fahimci amfanin tana, so take ta ga uwarta ba ta jin kunyarta.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya mayar da albarka ƙasarku, ya bar miki 'yarki kusa. Yanzu ki ajiye jaridar nan, ki sauko da kofunan baƙin guda biyu, ki kira ta.

Taki,
Anti Rosina