Duniyoyi Arba'in da Suka Faɗa Wuta

Zuwa ga Hajiyata,

Sallama da fatan alheri. Ya ƙafar taki, ya jikin Yaya da kike jinya? Allah ya ƙara sauƙi.

Na je wurin 'yarmu Auta a jami'a kamar yadda kika matsa. Ofishinta ɗaki ne marar taga a hawa na uku, kwamfuta biyu da kujera mai karyayyen hannu. Aikinta, in na fahimta, ta zuba ƙura da iskar gas kewaye da tauraro a cikin kwamfuta, lissafi ya yi ta juya su, ta ga ko za su dunƙule su zama ƙatuwar duniya. Kowane gwaji kwana tara yake ci. Duniyar kan haɗu sarai, ta yi ƙiba, sai ta gangara ta faɗa cikin tauraron. Sau arba'in ke nan.

Saura sati uku ta tsaya gaban masu jarrabawa, kin kuwa san digirin nan ya ci shekara biyar. Abokin aikinta ya nuna mata wata lamba da in ta rage kaɗan, duniyar za ta tsaya cak. Na tambayi dalilin lambar, ta ce ba ta da shi. A wurinmu sunan wannan danna sikeli da yatsa. Ban hana ba, ban ce ta yi ba.

Ki gai da Yaya.

Naki,
Dillali

Hajiyata,

Ina gaisuwa. Ya masu jiki?

Kada ki gayyaci kowa walimar digiri tukuna. Ana saura sati ɗaya Auta ta nemi shawarata. Na ce mata gogaggen dillalin mota shi ke fara nuna wa mai saye inda take yoyo, kafin ya gano da kansa. Ta ɗauka. Ta bar lambar yadda take, ranar jarrabawa ta buɗe jawabinta da duniyoyin nan arba'in, ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa wuta.

Wani tsoho cikin masu jarrabawar ya yi dariya, wai nasa ma haka suka yi shekara da shekaru. Sun yaba mata ƙwarai. Sannan suka ƙara mata wata shida ta nemo abin da ke riƙe duniyar. Babu digiri bana.

Na ɗauko ta a mota. Sai a ƙofar gida ta tambaye ni ko na taɓa sayar da mota ta wannan hanya. Na ce sau ɗaya na gwada, ba a saya ba.

Ki kira ta, ni ba ta ɗaukar wayata.

Mijinki,
Dillali