Kashi na Biyu Bai Kai na Farko Ba

Greenbelt, Lahadi

Yaya Ɗanliti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti Ilham da yara. Na rubuto ne don na san in na kira ka faɗa za mu yi.

Na ga takardun gidan tsofaffin nan na Upper Marlboro da ka bari a kan firij. Ba zan sa hannu ba. Mama ba za ta ƙare rayuwarta a hannun baƙi ina raye ba.

Sai maganar fim. Ka san tun da ta karye a ƙugu, ba abin da ke faranta mata rai sai wasan Japan ɗin nan da muke kallo a Gyaɗi-Gyaɗi muna yara, na matar da ta reni 'ya'ya huɗu da sayar da taliya. Ka kawo kashi na biyu, ta yi ta sa maka albarka. To, shirme ne. An canja jarumar, an kawo wata da ko wuta ba ta taɓa hurawa ba. 'Ya'yan sun sayar da shagon, sun kai uwar gidan tsofaffi, wai har tana murmushi. Tunda ni nake karanta Turancin da ke ƙasa ina fassara wa Mama, sai na ce mata asibiti ne, an kusa sallamar ta. In da gangan ka zaɓo shi don ka lallaɓa ta, dabararka ba ta ci ba.

Ƙanwarka,
Sailuba

Alexandria, Laraba

Zuwa ga ƙanwata Sailuba,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan jikin Mama da sauƙi.

Allah ne shaidata, ban kalla ba kafin in saya. Da wasiƙarki ta zo na kalla, kuma na yarda, an ci amanar na farkon.

Amma ba fim ne a gabanmu ba. Kina aikin jinya awa goma sha biyu, ki dawo ki ɗora wani. Sau biyu Mama tana faɗuwa ba kya gida. Debbie maƙwabciyarki ta gaya wa Ilham gyangyaɗi ya kusa sa ki saki hanya da mota a babban titin Beltway. Tsoro nake ji in rasa ku duka biyu. Wurin yana da tsabta, akwai abincin halal. Kuma ki daina yi wa Mama ƙarya, ko da a fim ne.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Ɗanliti

Greenbelt, Juma'a

Yaya,

Salam. Na ji, Debbie kuma za mu gamu. Na rage ranakun aiki.

Mun shiga kashi na uku, wanda ya fi na biyun lalacewa. Sau biyu kacal uwar ta fito, sauran duk soyayyar jikoki ce. A fassarar da nake yi wa Mama kuwa tana gida, tana ba da umarni daga ɗaki. Jiya Mama ta tambaye ni me ya sa ba a nuna ta, na ce hutawa take yi. Ta kalle ni, ta ce, "To madalla."

Na gaji, ba zan ɓoye maka ba, wani lokaci har kuka nake a banɗaki. Amma ba zan sa hannu ba.

Sailuba

Ɗanliti da Sailuba,

Ina gaishe ku, Allah ya yi muku albarka. Ku yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne.

Ba na jin yaren Japan, amma na san fuskar uwar da aka kai aka ajiye. Tun ranar farko na gane. Na ƙyale Sailuba ne don labarinta ya fi nasu daɗi. Takardun kan firij kuwa Debbie ta karanta mini a hankali, ɗan Turancin da nake ji ya ishe ni.

Kuna ta shawara a kaina, ba wanda ya tambaye ni. Waccan matar masu fim ne suka rufe mata baki, ni nawa a buɗe yake. Ba zan je gidan nan ba. Ba kuma zan zauna gajiya ta kashe mini 'ya ba.

Ɗanliti, kai ma ni na haife ka. Na yi magana da Ilham, ta ce bismillah. Wata ɗaya wurinka, wata ɗaya wurin ƙanwarka. Ka zo ka ɗauke ni ranar Asabar bayan azahar.

Mahaifiyarku,
Hajiya Sadiyya