Ranar da na kira sunanki a baranda

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da durƙuso irin wanda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama da yalwar makwanci. A makaranta an koya mana cewa bayan gaisuwa sai a tambayi lafiyar mutum da ta iyalinsa. Ban kai ajin da ake koyar da yadda ake tambayar wanda ya riga mu gidan gaskiya ba, don haka ki yi haƙuri da abin da ya samu.

Mu nan lafiya lau. An yi ruwa, gero ya yi kyau wajen Karofi, jikokinki suna cin abinci kamar aiko su aka yi. Na san ko kina raye ba karanta wannan za ki yi ba, sai dai ki miƙa wa wani ki ce ya faɗa miki mi mahaukacin nan ya rubuta kuma. Na sa ta inda jama'a za su gani ne saboda abin da zan faɗa miki, a gaban jama'a na yi shi.

Ina nan a ofishin da kika bar ni, na kamfanin nan mai sayar da iri da taki a Dutsin-Ma. An canza mini suna daga masinja zuwa wani dogon abu na Turanci da ni kaina ban iya faɗa ba, amma har yanzu ƙafa ce ke aikin. Tsohon manajan da yake aiko miki da goro ya yi ritaya. Bara aka kawo mana sabo.

Inna, ba ki taɓa ganin mutum mai son riƙe abu kamar wannan ba. Da safe kowa zai zuba wayarsa a kwali, kwalin ya wuni ƙarƙashin teburinsa. Makullin bayan gida a aljihunsa yake. Sai ka yi sallama ka faɗi buƙatarka, ya dube ka sama da ƙasa kamar yana auna ko da gaske kake. Ya sa an cire labulaye, an juya tebura duk suna kallon ƙofarsa. Fanka ba ta juyawa sai shi ya ji zafi. In biro ya ƙare, sai ka kawo gawar tsohon kafin a ba ka sabo.

Ni kuwa kin san ni. Kin sha cewa ko ɗinke mini baki aka yi, ta kunne zan yi magana. Da ya gano ina ba mutane dariya, sai ya mai da ni rediyonsa. In ya yi baƙi sai ya danna ƙararrawa, in shigo in kwaikwayi yadda mutumin Makera ke cinikin taki, ko yadda direbanmu ke rantsuwa in ya makara. Su yi dariya, ya ɗaga hannu, in yi shiru, in fita. Na gaya wa kaina ai dabara ce ta zama da manya. In na koma gida kuma sai in rama. In turo ciki gaba, in jefa makullin ɗakin girki a aljihu, in hana uwar yara shiga sai ta nemi izini. Yara su yi ta birgima a tabarma. Da haka nake wanke wunin.

Wadda ta fi kowa dariya ita ce takwararki.

Ke ba sai na tuna miki ba, amma masu leƙen wasiƙar nan ba su sani ba. Ita ce 'yata ta fari, sunanki aka raɗa mata, kuma ke kika goye ta ranar yaye kika tafi da ita Kurfi. Kunya biyu ke nan a kaina, ta ɗan fari da ta sunan uwa. Tun da aka haife ta bakina bai taɓa furta sunan nan ba. 'Yan gida suna ce mata Ummi. Ni ko wannan nauyi yake yi mini, sai na laƙaba mata mutuniyar Kurfi. Ina tuna ranar da na manta na ɗauke ta a gaban mutane, tana rarrafe a tsakar gida. Kika dube ni kika ce in ajiye miki ita, ba a tasha kika haife ni ba.

Ta yi karatun da ni na gudu na bari. Ta samu aikin kwamfuta a ofishinmu, da jarrabawa, ba da bakina ba, don ni bakina ko kujera mai ƙafa huɗu bai taɓa samo mini ba. Muka ci gaba a haka. In mun haɗu a baranda ta ɗan rusuna, ni kuma in amsa wa bango. In ana nemanta sai in ƙwanƙwasa teburinta in nuna hanya da haɓa. Kowa ya san dalili, ba wanda ya taɓa tanka mana, kuma ba aikin da ya tsaya.

Manaja ya lura. Kada ki ce baƙo ne bai san al'ada ba. Ɗan ƙasar nan ne, na tabbata shi ma akwai sunan da ba ya faɗa a gidansu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne akwai wata doka a ofishin da ba shi ya kafa ta ba.

Ranar kasuwa ce, farkon damina, manoma sun cika baranda suna jiran rasit su karɓi taki. Netwok ya ɗauke, kwamfuta ta tsaya, layi ya ƙi motsi. Manaja ya fito yana huci ya ce in kira masa ita. Na juya zan nufi teburinta, ya ce in tsaya inda nake. Wai ya gaji da aikin kurame, in kira ta daga nan, da cikakken sunanta, yadda na ƙarshen layi zai ji.

Na yi dariya na ce maƙogwarona ya kwana biyu yana ciwo. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, “Masinjan da ba zai iya kiran sunan ma'aikaci ba, me yake yi a nan?”

Inna, ina so in ce miki na yi dogon tunani. Ina so in ce ƙannenta na tuna, da hatsin da ya rage a ɗaka. Waɗannan daga baya suka zo, lokacin da nake neman hujja. A wurin tsoro ne kawai, irin na wanda aka ɗaga wa bulala.

Na kira. Da ma a ce kiran kawai na yi. Don kada a ga abin ya taɓa ni, sai na kafa hannu a gefen baki, na ja sunan da muryar ɗan kamasho mai neman fasinja. Sunanki, Inna. Baranda ta fashe da dariya. Manaja ma ya murmusa.

Ta fito a hankali, ta gyara mayafi, ta wuce shi, ta zo gabana ta durƙusa har ƙasa, a kan simintin da manoma suka tattaka da laka. Ta ce, “Na'am, Baba.”

Dariyar ta ɗauke. Manaja ya yi ta mata faɗa a kan netwok ɗin da ba ita ta kashe ba, tana tsaye tana ji, ni kuma ina riƙe masa ƙofa.

Ga wanda ya fi wuyar faɗa. Washegari ya sake sa ni, na sake yi. Na biyun bai kai na farko ciwo ba. Kafin mako ya zagayo, gira kawai yake ɗagawa in buɗe baki.

A gida na daina kwaikwayonsa. Na gwada wata rana, ƙananan suka yi dariya, ita ta tashi ta ce za ta duba tukunya, alhali an riga an sauke. Na ɗauka fushi take yi da ni. Har na ɗan ji sanyi, don fushi abu ne da na san yadda ake lallashinsa da tsire.

Sai uwarta ta tare ni wata safiya ina neman hulata. Ta ce yarinyar ta roƙi a mai da ita shagon kamfani na Kurfi, kuma an amince. Kin san shagon. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, warin taki har cikin ido, ba kwamfuta, ba fanka, sai lissafin buhu. Ita kuwa mai difloma ce guda. Na ce ai gara ta zage ni da ta yi wa kanta haka. Uwarta ta ce ba fushi take yi ba. Abin da ta faɗa shi ne, muddin tana ofishin nan, mutumin yana da igiyar da zai riƙa jan Baba da ita, ita kuma ba za ta iya zama igiyar ba.

Ni ya kamata in tare mata, sai ga shi ita ta tare mini.

Na kai ta tasha a babur. Duk hanya ina haɗa magana a cikina, mai nauyi, irin ta iyaye. Da muka isa, abin da ya fito shi ne tayar motar nan ta fi kaina sanƙo, ta riƙa addu'a. Ta yi dariya, irin wadda ake yi wa mara lafiya in ya yi barkwanci. Ta ce in riƙa shan maganin hawan jinina. Yanzu a ɗakinki take kwana.

Shekaranjiya manaja ya danna ƙararrawa. Ya miƙo mini wayar ofis ya ce in kira Kurfi, in buɗe sifika, in tambayi wance, ya faɗi sunan, buhu nawa suka rage. Ban san daga ina abin ya zo mini ba. Na ajiye wayar a teburinsa da hannu biyu, na ce ransa ya daɗe, wannan sunan ba na faɗinsa. Har na fara tunanin ko zan iya acaɓa da wannan ciwon bayan nawa.

Kin san me ya yi? Tsaki ya ja. Ya ɗauki wayar ya kira da kansa. Da ya gama ya aike ni sayo masa ruwan sanyi.

Shi ke nan fa, Inna. Ba kora, ba takardar gargaɗi, ko kallona bai sake yi ba. Ina tsaye a gaban mai shago da ruwan a hannu abin ya faɗo mini. Ashe tun farko tsaki ne kawai a bayan abin. Tsakin na ji wa tsoro har yarinya ta bar kujerarta. Abokan aiki sai jinjina mini suke yi wai na yi ta maza, ni kuwa kowace jinjina kamar mari nake jin ta.

Ranar Juma'a zan je Kurfi. Zan fara tsayawa a wajenki in yi miki addu'a, sannan in ƙarasa shagon. Ban san me zan ce mata ba, kuma kin san shirmen da nake yi in ban san me zan ce ba. Ina roƙon Allah Ya riƙe mini bakin nan ko na ɗan lokaci ne, in zauna a kan buhu kusa da ita kamar mutum.

Allah Ya gafarta miki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya yi wa wadda kika raina albarka, Ya buɗa mata inda ya fi wanda ta bari, Ya haɗa ta da shugaban da ya fi nawa. Uba kam ta riga ta samu, sai dai Allah Ya ƙara mata haƙuri da shi.

Ɗanki da kunya ta zo wa a makare,
daga Dutsin-Ma.