Kwana Arba'in da Inna Ta Ba Ka

Zuwa ga yayana Illa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ce ƙanwarka Ramatu daga Garhanga. Wata biyar ke nan da anka rufe ka a Madawa. Akwai maganar da na riƙe tun muna yara, kunya ta hana ni faɗa maka kana raye. Yau zan faɗe ta, duk mai ji ya ji.

Ka tuna ranin da agana ta shigo Madawa, tun kafin a fara kwasar samari zuwa yaƙin Faransa. Kana shekara goma, ina bakwai. Anka ce fatake sunka kawo ta. Daga zangon baƙi ta faɗa unguwar mahauta, kafin kasuwa ta ci sau uku babu shiyyar da ba a kuka. Masu sayen tabarmin Inna sunka ɗauke ƙafa.

Sai lokotoro, likitan Nasara, ya turo masu lambar rigakafi gida gida, da dogarai a bayansu. Gari ya ɗauka cewa lambar Nasara kashe yara take yi. Da Inna ta ji sun kusa, ta ɗaga ka ta saka cikin rumbun gero, ta rufe. Ni ina tsaye, hannuwana a sama, ina jiran ta ɗaga ni. Ta ce, "Rumbun ya cika. Ke tahi bayan ɗaki ki laɓe."

Nan sunka same ni, sunka tsaga mini damtsen hagu. Na yi kuka har muryata ta dushe, kowa ya zaci zafin tsagar ne. Ba shi ba ne, Yaya.

Ba a yi sati biyu ba zazzaɓi ya kayar da kai, ƙuraje sunka feso. Anka kai ka bukkokin kara na bayan gari, inda ake ware masu ciwon. Inna ta taɓa yin agana tana ƙarama, don haka ta naɗe tabarmarta ta bi ka. Ni anka bar ni da Baba da ƙanwarsa Gwaggo Tsahara, wadda ta zo daga Tama.

Ni ke kai muku fura da nonon akuya. Akwai wani dutse da ba a wucewa, nan zan ajiye ƙwarya in ja da baya. Daga nan nake hango ku, kanka bisa cinyarta, tana kore maka ƙuda, tana ɗiga maka ruwan tsamiya a baki. Wani lokaci iska takan kawo mini muryarta tana yi maka waƙar da take yi mini idan tana kitsa kaina. Kana tsakanin rai da mutuwa, ni kuwa ina tsaye ina cewa a raina, ya ji daɗi.

Wata rana da azahar na ga ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Na tsallake dutsen. Fuskarka ta kumbura, ba ka ma gane ni ba. Na janye mayafinka na lulluɓa, na goga shi a fuska da wuya, na kwanta gefenka ina jiran ciwon ya kama ni.

Ban taɓa ganin Inna haka ba. Da ta dawo ta gan ni, sai ta saki tulun ya fashe, ta fizgo ni waje, ta mare ni. "Ke, mi kike nema? So kike in rasa biyu?" Ta ƙona zanena, ta wanke ni da toka. Washegari Gwaggo ta ɗora ni bisa jaki sai Tama.

A Tama kullum sai na duba hannuwana ko zan ga ƙurji ɗaya. Har addu'a na yi. Babu abin da ya fito. Ko ciwon bai zaɓe ni ba.

Kwana arba'in kunka yi ku biyu. Ka dawo da zanzana a fuska, idonka na dama ya tafi. Daga ranar nan komai naka ne. Tsokar da ta fi, zaman kusa da ita, bargon da babu huji. In na buɗe baki sai ta ce, "A bar wa Illa, ya sha wuya." Na yi dambe da yaran da ke yi maka dariya, ka sani. Abin da ba ka sani ba, nakan leƙa ruwan randa in ga fuskata sumul, in ji haushinta.

Da na girma na gane. Ita ta ɓoye ka da hannunta, ɓoyewar ce ta ba da kai ga ciwon, kuma ba ta yafe wa kanta ba har ta koma ga Allah. Ni da anka bari a waje, ni na tsira. Na san wannan sarai. Sanin bai rage mini komai ba. Ko ranar da ta cika, hannunka ta riƙe, ni ina gidan aure a nan, sai bayan kwana uku labari ya iske ni.

Ka tuna ranar sunan jikarka ta fari, da na tambaye ka me Inna take faɗa maka a bukkar nan? Ka yi dariya ka ce, "Wallahi Ramatu, ban tuna komi ba sai ƙishirwa." Shi ya sa na tashi ban ci tuwon ba. Kwana arba'in, kai kaɗai da ita, kuma ka bar su sun zube. Da ni ce, da ban yar da kalma ɗaya ba.

Ɗanka Mahamman ya ce kushewarka ba ta fi taki goma da tata ba. Na ce masa alhamdulillahi, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ka sake riga ni, Yaya.

Ban taɓa ƙin ka ba, ko na yini ɗaya. Wurinka kawai nake so.

Allah ya jiƙan ka, ya jiƙan Inna da Baba, da duk waɗanda ba su dawo daga bukkokin nan ba. Allah ya mayar maka da idonka, ya shafe maka fuska. Ya yafe mini abin da zuciyata ta riƙe. Idan tawa ta zo, Allah ya haɗa mu wuri ɗaya. In ka gan ni tafe, kai ne babba, ka ɗan matsa.

Ƙanwarka,
Ramatu