Kyandir da Talotalon Baba Lyman

Cincinnati, 2 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Orval,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Na ji Baba ya sa sunansa a gasar harbi ta bana. Likita ya faɗa a gabanka cewa idonsa ba ya bambance komai sai haske. Mutumin da ke laluben cokali a kan tebur ne zai ɗura albarushi cikin taro? Ka ɓoye bindigar.

Yayarka ba ta roƙo sau biyu.

Verna

*

Gona, 19 ga Oktoba

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa. Ban ɓoye ba. Ni na ɗura masa, na tsaya a bayansa ina daidaita masa kafaɗa.

An fara da harbin ƙwai a kan gungume. Kin san doka, wanda ya kuskure sai ya shanye nasa ɗanye. Baba ya kuskure. Hobart, abokin hamayyarsa tun suna samari, shi ne alƙali bana. Ya miƙa masa ƙwan ya ce, "Lyman, yau ba a ba ka karin kumallo a gida ba ne?" Baba ya shanye, ya goge gemu, ya ce, "Kazar gidanku ce? Na ji warin rowa."

Wajen harbin kaifin gatari don harsashi ya rabu biyu, ko kusa bai je ba. Sai aka kunna kyandir cikin akwati a kan gungumen, a kashe wutar da harbi ba tare da an taɓa kakin ba. Ya ce min, "Sakar min kafaɗa, wannan ina ganinta." Ya harba. Da hayaƙi ya washe, wuta ta mutu. Hobart ya ɗaga hannu, aka ba Baba talotalo, kyautar gasar.

Ke kaɗai zan gaya wa: iska ta kaɗa a daidai lokacin. Daga baya na ga sabon rami a jikin gungumen, ƙasa sosai da akwatin. Hobart ma ya gani, ya jingina a wurin har aka watse. Kada ki tayar da maganar.

Ki gaida maigida.

Orval

*

Gona, 27 ga Oktoba

Verna 'yata,

Ina gaishe ki. Orval ke rubutawa, ni ke faɗa.

An ce za ki turo min taya murna. Ki bari. Na san ƙarar dalmar harsashi idan ta shiga itace, kunnena bai tafi ba. Na yi shiru a wurin ne don kada in kunyata Hobart a gaban mutane.

Jiya na sa an kai ni gidansa da talotalon. Ya ce ba zai karɓa ba, na ce ba zan koma da shi ba. Matarsa ta gaji da mu ta gasa shi. Mun ci tare. Namansa da tauri.

Ki zo idan kin sami hutu.

Mahaifinki,
Lyman